Ƙanƙarar da Na Kawo wa Kawu

Na iso Jidda bayan an kwashe kujerun zaman makoki. An kwance fitilun da aka ja a layinmu, mai haya ya zo ya naɗe dardumansa, ba abin da ya rage sai wata igiya da ke lilo a jikin tagar maƙwabta. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu. Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar iyayena, ya riga mu tafiya. An yi masa wanka, an sallace shi, an rufe shi, ni kuwa ina can ƙarshen kudancin duniya ina huda ƙanƙara.

Da labari ya bazu cewa na dawo, sai gaisuwa ta koma sabuwa. Dattawanmu Hausawan Sudan suka zo cikin fararen jallabiyoyi, kowa ya kama hannuna ya ce, "Azzamallahu ajrak, ya waladi. Sai haƙuri." Samarin da aka haifa a nan, masu jin Hausa amma ba ta fita a bakinsu, suka rungume ni suka ce, "Allah ya jiƙan Kawu," shi ke nan Hausarsu ta ƙare, suka ƙarasa sauran da Larabci. Wani tsoho ɗan Yaman mai sayar da kifi ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta kuka, har mu masu rashin muka koma ba shi haƙuri.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba ta ɓata lokaci ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, mutumin ƙanƙara. Bawan Allah ba shi da ɗa namiji, ya raini ɗan ƙanwarsa don ya sami mai shiga raminsa. Ran da aka haƙa ramin, ɗan yana can yana haƙa wani. Halas, ai ka kyauta."

Ba ƙarya ta yi ba. Baba Direba ne ya katse ta. Mutumin Damagaram ne, shi ya ja wa Kawu motar ƙanƙara tun suna da baƙin gashi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ni na shiga, ɗana. Na kwantar da shi da kyau. Bai yi nauyi ba."

Inna, matar Kawu, ko dubana ba ta yi ba. Ta miƙo mini kofin ruwa ta koma ɗaki. Na kai baki na ji babu ƙanƙara a ciki. A gidan Kawu! Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an ba baƙo ruwa a gidan nan ba tare da ƙanƙara tana kaɗawa a kofi ba. Na ce a raina, to, ita ma fushi take.

Amma ba maganar Gwaggo ke cin raina ba, ba kuma ruwan Inna ba. A wurinmu, mai doguwar tafiya ba ya fita sai ya bi manyansa ya durƙusa ya ce a yafi juna, su kuma su ce sun yafe duniya da lahira. Ran da zan tafi na durƙusa gaban Kawu na roƙa, ya ƙi faɗa. Da wannan na tafi, da shi na dawo, kuma wanda zai faɗa yanzu yana ƙarƙashin ƙasa.

Ina rubuta wannan ne don mutum irin Kawu ba ya barin alama. Kabari a garin nan ba a rubuta masa suna. Masana'antar da ya yi wa aiki ta zama ɗakin ajiyar taya. Abin da ya kwashe rayuwarsa yana ɗauka kuwa, duk ya narke.

Ƙanƙara ya yi dako, irin dogayen sandunan nan da ake yi a unguwar masana'antu kafin firiji ya shiga kowane gida. Yana jan su da ƙugiya, ya jera a mota bisa katako, ya barbaɗa garin katako, ya lulluɓe da buhunan algarara, sannan su nufi kasuwar kifi da shagunan tsohuwar unguwar Balad. Kafili, ubangidan da takardun zamansa ke hannunsa, ya sauya masa ban san sau nawa ba, masana'antar ta sauya hannu, shi yana nan. Tafin hannunsa ya mutu da sanyi har yana ɗaukar butar shayi daga wuta ba tsumma. A garin da zafi ke sa kwalta laushi, shi kaɗai na sani mai fama da ciwon sanyin ƙashi.

Kalma ɗaya sana'ar ta bar masa: "Yalla, tana ɗiga!" wato a yi sauri, ƙanƙara na narkewa. Da ita yake korar direba daga teburin mai shayi, da ita yake fito da 'ya'yansa mata daga gaban madubi. Ran da aka zo neman auren babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, wakilin ango ya ɗauko tarihin zumunci tun daga kakanni, ya bi ta Sudan, ya tsallaka teku, bai ko kusanci maganar da ta kawo shi ba. Kawu ya gyara zama ya ce, "Malam, yalla, tana ɗiga. Yarinyar kuke so? Na ba ku." Har yau ana tsokanar mijin Yaya da cewa a kan sauri aka sallame shi.

Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya fito da ƙafa da niyyar Hajji, tafiya ta tsaya masa a Sudan, ya yi gona ya yi iyali ya mutu a can. Kawu ya tsallako teku yana saurayi. Duk da haka in an zauna cin abinci a gidansa, Hausa ce kawai. Ka ce masa "moya" ka ga ya kurmance nan take, sai ka ce "ruwa" kunnensa ya buɗe. Da ba don wannan kurumtar tasa ba, da yau ba da Hausa nake rubuta masa wannan ba.

Akwai abin da ban san girmansa ba sai a wannan gaisuwar. Wata tsohuwa 'yar Chadi ta kira ni gefe ta ce, "Ka san abin da Kawunka ya yi mini?" Mijinta ya rasu a gida a tsakiyar bazara, shekaru da yawa da suka wuce, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu kafin shi, ana ta fafutukar takardar izinin binnewa. Ta ce tana zaune da gawa a ɗaki ɗaya, zafi yana hawa, ba ta san inda za ta sa kanta ba, sai ga mota ta tsaya. Kawu ya shigo da sandar ƙanƙara a kafaɗa, ya koma ya ɗauko wata, ya jera su kewaye da mamacin, ya lulluɓe. Safe da yamma yana sauyawa har takarda ta fito. "Ko sunana bai tambaya ba," in ji ta. Da na ba Baba Direba labarin sai ya ce, "Wacce daga ciki? Ai kamiyon nan da na ja masa ya san ƙofar kowane gidan rasuwa."

Shi ya sa yake son addu'ar sallar gawa, inda ake roƙon Allah ya wanke mamaci da ruwa da ƙanƙara da raɓa mai sanyi. In an idar yakan taɓa na kusa da shi ya ce, "Ka ji ko? Har a nan an ambaci sana'ata."

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na shafa masa mai. Yana da taurin kai, yana da riƙo. Ya yi gaba da firiza shekara da shekaru don ita ta kashe masa kasuwa. Da 'ya'yansa suka haɗu suka saya wa Inna wata babba, irin mai murfi a sama, sai ya raɗa mata suna Ɓarauniya, kuma bai taɓa kiran ta da wani suna ba. Da ya bar aiki bai yarda ya ɗauki ƙanƙararta don sadakarsa ba. Kowace Juma'a Baba Direba zai kai shi inda har yanzu ake yin sanduna, ya sayo guda, ya farfasa ta a babbar kula a ƙofar masallacin unguwa, ya tsaya yana miƙa wa mutane kofi bayan an sallame.

Rigimarmu ta fara ne a kan faranti, muna cin shinkafa da kifi. Ni makanikin injinan ruwa ne, na yi karatun famfo da tukwanen ɗumama ruwa, kuma wata tawagar masu binciken teku ta ɗauke ni aiki. Na ce masa za mu Antaktika. Ya ce ina ne nan. Na ce ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙanƙara ta sauko daga tudu ta kwanta a kan teku kamar murfi a kan tukunya, kaurinta ɗaruruwan mita, ba jirgin da ke shiga ƙarƙashinta.

Idonsa ya yi haske. "Duk ƙanƙara? Ba mai ita?"

"Ba mai ita, Kawu."

"Masha Allah. To me za ku yi da ita?"

Na ce huda ta za mu yi. Mu narka dusar ƙanƙara, mu ɗumama ruwan ya yi zafi sosai, mu tura shi ta dogon tiyo yana cin ƙanƙarar yana sauka, har mu ɓulla cikin tekun da ke ƙasa. Ramin bai fi faɗin farantin nan ba. Ta nan za a zura na'urorin auna ɗumin ruwa da gishirinsa.

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ruwan zafi?"

"Ruwan zafi."

"A kan ƙanƙara? Da gangan?" Ya juya wajen Inna. "Kin ji ɗanki? Ni na ƙare ƙuruciyata ina gudu da ita kada ta narke, na sayi littattafansa da ita, shi kuma ya gama karatu zai tafi inda Allah ya ajiye ta lafiya ya zuba mata tafasasshen ruwa. Wallahi ko Ɓarauniya ta fi ka mutunci, ita ko ba komai daskararwa take yi."

Ya tashi ya bar abincin. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Da abin ya yi tsawo, wata ranar Asabar na ce ya zo in kai shi shan iska bakin tekun Abhur. Ya shiga mota don yana son teku, ba don ni ba. Muka zauna a bakin ruwa, na ce masa ba mu ke narkar da ita ba. Ramin da muke yi ɗan tsito ne. Tekun da ke ƙarƙashinta ne ake jin ya fara ɗumi yana cin ta ta ƙasa, inda ido ba ya gani, shi ne ake son a auna. In murfin ya lalace, ƙanƙarar tudu za ta gangaro cikin ruwa, teku ya ƙaru, kuma tekun duniya a haɗe yake. Na nuna masa ruwan da ke gabanmu na ce har wannan.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, "Ta ƙasa take ci, wannan gaskiya ne. Sanda in ta zauna cikin ruwanta ta gama yawo." Ya ƙara da cewa, "To ku ɗora ta a kan katako mana."

Na yi dariya har da ƙwalla, ya ji haushi, muka kusa komawa gidan jiya. Can sai ya ce, "Ramin naku, yana zama a buɗe?"

Na ce a'a. Da an janye tiyo sanyi ke fara matse shi. In an fara huda ba a tsayawa, ba a kashe inji, kuma in an ɓulla dole a zura na'urori a kan lokaci. In famfo ya tsaya tiyo na ciki, ƙanƙara ta kama shi, aikin da aka yi shekaru ana shiri ya tafi.

"Wa ke riƙe da famfon?"

"Ni da wasu mutum biyu, muna karɓa-karɓa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe ku ma da gudu kuke aiki," in ji shi. Bai ce ya yarda ba, amma a hanyar komawa ya sa na tsaya ya saya mini rake.

Ran tafiya na durƙusa a gabansa a falo, Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, tafiya ta yi nisa, rai a hannun Allah yake. Mu yafi juna."

Ya cire agogon hannunsa ya ɗaura mini. "An ce can rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin. Kada ka taɓa shi, lokacin Jidda ne. In ya nuna azahar ka yi azahar, muna yi kana yi."

"To, Kawu. Mu yafi juna."

"Ka kawo mini tsaraba. Gutsure ɗaya, daga can cikin ramin, ba ta sama ba. Kullum mu ke ɗora wa alhazai ruwa su kai gida, ni ma a kawo mini wani abu sau ɗaya."

"Zan kawo. Kawu, yafiyar fa?"

Ya kalli tagar. "Sai ka dawo. Yalla, tana ɗiga, jirgi ba ya jiran ka."

Na fita raina a ɓace, ban ɓoye ba.

Wurin ya fi ƙarfin bayanina. Fari ne ta ko'ina, shimfiɗe, ba tsuntsu ba itace, rana tana zagaya sama ba ta sauka. In ka tsaya ba za ka ce akwai teku a ƙarƙashin takalminka ba. Muka kafa tantuna, muka jera injina, muka yi ta sheƙa dusar ƙanƙara da shebur cikin babban tankin roba. Kafin mu kunna na kira gida ta wayar tauraron ɗan adam. Na ce wa Kawu in mun fara ba za su ji ni ba sai mun gama. Muryarsa ta yi ƙasa, na ɗauka layin ne. Ya tambaya ko ina sa safa biyu, ya tambaya agogo na tafiya daidai, ya ce, "Ka kula da famfonka."

Muka fara. Tiyo na sauka a hankali, tururi na tashi, ni ina tsakanin injina kunnena a kan ƙararsu. Wani famfo ya yi mini gardama, na kwance shi da yatsun da ba na ji, na mayar. In agogon Kawu ya nuna lokaci sai in shimfiɗa kwali a bayan tukwanen ɗumama ruwa, inda ɗan ɗumi yake, in yi salla. Da muka ɓulla, ruwan cikin ramin ya motsa, shugabar tawagarmu ta duba ma'auni ta ɗaga hannu, mutane suka yi ta ihu suna rungumar juna. Aka zura kyamara. Muka taru a gaban allo muna kallon bango mai sheƙi yana wucewa, sai duhu ya buɗe, ga teku, ga wani ɗan kifi fari ya zo ya leƙa fitilar ya wuce abinsa. Na ce a raina, wannan sai na ba Kawu labari, zai ce ko a nan kifi ya bi ƙanƙara.

Aka zura na'urorin, aka ɗaure igiyarsu, ramin ya kama ta ya rufe. Daga cikin ƙanƙarar da aka yanko a bangon ramin don bincike, shugabar ta ba ni wani gutsure da ya rage, don na gaya mata alkawarin. Na san ba zai kai Jidda a daskare ba. Na sa shi a gora mai murfi, na bar shi ya narke a cikin rigata.

Sannan na kira gida da murnata. Yaya ce ta ɗauka. Na ce ta ba ni Kawu. Sai na ji kukanta.

Daga baya na lissafa. Muna tsakiyar huda, bayan sallar la'asar, aka gabatar da gawar Kawu a masallaci. Wannan la'asar na yi ta tare da su, bisa agogonsa, a kan kwali, na sallame na koma kan famfo ban san komai ba. Ya yi jinya a asibiti, yana cikin hankalinsa, ana da lambar da za a same ni. Kira ɗaya ya isa in ji kalmar yafiyar daga bakinsa. Na yi fushi da Yaya, na yi fushi da Inna, na yi fushi da duk wanda ke da waya a Jidda. Jirgin da zai fitar da mu kuma sai da iska ta ga dama.

Bayan gaisuwa ta lafa, Baba Direba ya kai ni maƙabarta da hantsi. Fili ne na ƙasa da ƙananan duwatsu, kowane kamar ɗan'uwansa. Ya tsaya a wani layi ya ce nan ne. Ya ƙara dubawa ya ce ko kuma na gaba. "Ran nan akwai jama'a, ɗana, kuma idona ya cika." Muka tsaya tsakanin layukan biyu muka yi addu'a ga duka.

A mota na ce masa, "Baba, ku ma ba wanda ya iya kira na?"

Ya kashe injin da ya riga ya tayar. "Na ɗauko waya da hannuna a asibiti. Ya riƙe mini hannu. Ya ce, 'In ka kira shi ban yafe maka ba. Yaron nan yana riƙe da famfo. In hankalinsa ya taho nan, ramin zai kama musu tiyo. Ku bari sai shi ya kira.' Haka ya sa kowa ya yi alkawari, har Gwaggonka."

"Gwaggo ta sani?"

"Ta sani mana. Ai shi ya sa take jin haushi, ba ta da wanda za ta yi wa faɗa sai kai."

Na koma gida na tarar da Inna a kicin tana tsince shinkafa. Na durƙusa kamar yadda na yi a gaban mijinta. Na ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kafin ya cika, ya ce ya yafe mini?"

Ta ajiye tiren. Wannan ne karo na farko da ta dube ni sosai tun isowata. "Bai faɗa ba. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba."

Na sunkuyar da kai.

"Kai ma ba ka da wayo, kamar shi," in ji ta. "Kakansa ya yafi kowa a ƙasar Hausa ya fito, ya koma? Shi kansa ya durƙusa gaban uwarsa a Sudan, ta ce ta yafe duniya da lahira, ya sake ganin ta? Ran da ka tafi na yi masa faɗa, na ce ka bar yaro ya fita da nauyi a zuciya. Ya ce, 'A zuriyarmu duk wanda aka yi yafiya da shi ba ya dawowa. Bari in riƙe tawa, ya zo ya karɓa.'"

Ta tashi ta nufi firizar nan, Ɓarauniya, ta ɗaga murfin. Ba komai a ciki. An wanke ta tas, an shimfiɗa sabon buhun algarara a ƙasa, an ɗora 'yan katakai biyu a kai.

"Tun satin da ka tafi ya kwashe mini kaya," in ji Inna. "Ya ce wurin tsarabarsa ne, kada ta zo ta sha warin kifi. An yi sunan jikarsa, naman rago guda na bi maƙwabta ina roƙon wuri. Ko ƙanƙarar shan ruwa ya hana a sa. Mutumin da bai taɓa taɓa firizar nan ba, kullum sai ya buɗe ya duba ko tana sanyi." Ta dafa bakin firizar. "Na kasa sa komai a ciki. Ka kawo masa ko ba ka kawo ba?"

Na je na buɗe jakata na ɗauko gorar. Ruwa ne kawai, bai cika kofi biyu ba, dusar ƙanƙarar da ta zuba tun kafin kakan Kawu ya bar gida. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta juye a ƙaramin kwanon sha, ta ɗora a kan katakan, ta rufe murfin. Muka zauna a ƙasan kicin muka yi kukan da ba mu yi tare ba.

Ranar Juma'a Baba Direba ya zo da sandar ƙanƙara kamar yadda suka saba, muka kai kula ƙofar masallaci, na farfasa sandar da ƙugiyar Kawu. Sannan na kwance tsumma na fito da tawa, tsarabar Kawu. Ta daskare ta ɗauki siffar kwanon, 'yar ƙarama, tana sheƙi a rana. Na tsaya riƙe da ita. Daga ƙarshen duniya na ɗauko ta, ita kaɗai ce, kuma in na sake ta shi ke nan. Liman ya sallame, mutane sun fara fitowa suna neman takalma, ruwa yana bin yatsuna yana sauka a gwiwar hannu.

Baba Direba ya matso kusa da kunnena. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yalla, ɗana. Tana ɗiga."

Na sake ta cikin kular.

Wani dattijo da ban sani ba ne ya fara miƙo hannu. Ya sha, ya sauke numfashi, ya dubi inda Kawu ya saba tsayawa ya ga ni ne a wurin. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai ruwan nan." Na ce amin, na cika kofi na gaba. Na yi ta miƙawa har kular ta koma ruwa zalla, na rage kofi ɗaya na rufe da tafin hannu, na kai wa Inna.

Ya Allah, ga bawanka da ya yi dakon sanyi a garin zafi, ya kai shi gidan biki da gidan rasuwa. Ka yafe masa, ka wanke shi da ruwa da ƙanƙara, ka sanyaya masa makwanci, a layin da yake, ko wannan ko na gaba.